Ramuwar Tahani Mai Hanta

Shekara goma sha ɗaya Tahani ta yi tana soya hanta a bakin titin da ya gangara kasuwar kifi ta Bahari, a Iskandariya ta ƙasar Masar, ba a taɓa samun wanda ya ci abincinta ya kwana da ciwon ciki ba. Amalankenta fari ne mai ratsin shuɗi, kuma kullum sai ta dirje shi da ruwan zafi da lemon tsami kafin ta kunna wuta. Tun da teku ta ci mijinta, da wannan amalanken ta riƙe gida, da shi ta kai 'yarta Rihab makarantar koyon aikin jinya. Ummu Rihab mutanen unguwa suke ce mata. Sun san bakinta da kaifi, amma sun san hannunta tsaf yake.

Wata Asabar sai ga Rihab ta dawo daga makaranta tun kafin azahar, idanunta jawur. Waya kawai ta miƙa wa uwar.

Bidiyo ne na wani Ustaz Midhat, mai ɗaukar hoto, wanda yake koya wa mutane dabarun hoto a intanet. Tahani ta san shi da gani. Shi ne mai malfa da ɗan gyale a wuya ko ana tsaga zafi, wanda yake zuwa unguwar duk Juma'a da ayarin ɗalibai, kowa da kyamara a ƙirji. A cikin bidiyon yana zaune a kan kujera mai laushi yana cewa, "Shawara ta huɗu: ku nemi gaskiyar titi. Kada ƙazanta ta ba ku tsoro, a cikinta rayuwa take." Yana rufe baki sai hoton ya cike fuskar wayar.

Ita ce. Daga ƙasa aka ɗauke ta, hancinta ya buɗe kamar ƙofar tanda, bakinta a wangame, gumi na bin wuyanta, idanun sun zama ramuka biyu baƙaƙe, ga wuƙa a hannu. A bayanta kuwa tulin shara ne ya tashi kamar dutse, har kamar ya jingina da amalanken, da wata kyanwa a samansa. A ƙasan hoton an rubuta: Sarauniyar Juji.

"Wannan jujin a ƙetaren titi yake!" in ji Tahani. "Taku arba'in ne tsakaninmu, na sha ƙirgawa. Kuma mai burodi nake ƙwala wa kira, ya wuce bai ajiye mini ba."

"Mama, mutum dubu ɗari sun gani," in ji Rihab. "A ajinmu yau Gimbiyar Juji suke kirana. Wata har ta matsar da abincinta da na zauna kusa da ita."

Kafin sati ya zagayo ciniki ya karye. Ma'aikatan ofisoshin da suke layi da rana suka ɗauke ƙafa. Masu duba tsafta suka zo, suka leƙa tukunya, suka shinshina mai, suka tafi ba su sami komai ba, amma duk titin ya ga zuwansu, kuma zuwan shi ne abin da aka riƙe. Da yamma Tahani takan tura amalanke gida da rabin hantar da ta saro.

Ranar Juma'a ta tare Ustaz Midhat a gaban masallaci, yana nuna wa ɗalibansa wata tsohuwar taga.

"Ustaz, ni ce Sarauniyar Juji. Na zo ka cire hotona."

Ya dube ta sama da ƙasa, ya yi murmushi, ya juya ga ɗaliban. "Kun gani? Wannan ita ce fuskar da nake ba ku labari. Ku dubi ƙashin kumatun nan." Sannan ya ce mata, "Hajja, ai godiya ya kamata ki yi mini. Jiya wa ya san ki? Yau har a ƙasashen waje ana kallonki."

"Jujin nan ba nawa ba ne. Kai ka jawo shi ka ɗora mini a ka."

"Ni? Da hannun nan?" Ya ɗaga tafukansa, farare sumul. "Kyamara ba ta ƙarya, Hajja. Abin da ta gani shi ta faɗa. Wannan fasaha ce, ba soya hanta ba ce, kada ki wahalar da kanki."

Ɗaliban suka yi dariya, ba duka ba, amma ta ji. Wata budurwa mai tabarau ma ta ɗaga kyamara ta ƙara ɗaukarta. Tahani ta juya ta tafi. Ba ta yi kuka ba. Tun a hanya ta rantse a ranta cewa sai mutumin nan ya tsaya a gaban jama'a kamar yadda ta tsaya, ana kallonsa ya rasa inda zai sa fuskarsa.

A bayan kasuwa akwai shagon Ammu Girgis, wato Baffa Girgis, tsohon mai hoto, wanda ya ɗauki hoton aurenta shekaru ashirin da biyar da suka wuce. Yanzu hoton fasfo kawai yake yi, sai shan shayi. Ta ajiye masa wayar a kan tebur.

"Ammu, gaya mini yadda aka yi jujin ƙetaren titi ya hau kaina."

Tsohon ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo. "Kai, ɗan banzan ya iya aikinsa. Ki duba. Daga nesa ya tsaya da dogon gilashin kyamara, irin wanda yake matse nisa, abin da yake can baya ya zo ya manne da na gaba. Ya tsuguna, shi ya sa hancinki ya zama haka. Ya zaɓi tsakar rana, rana a tsakiyar ka, ita ta haƙa miki ramukan idon nan. Sannan ya jira kika buɗe baki. Ina tabbatar miki ya ɗauki hamsin, a cikin arba'in da tara mutum ce ke kamar kowa. Wannan ɗayan ya zaɓa."

"To koya mini."

"In koya miki me?"

"Duk abin da ya sani. Da wayar nan tawa."

"Don ki yi me da shi, 'yata?"

"Don in yanka shi ba wuƙa."

Ammu Girgis ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ɗauka zafin rai ne, kwana biyu zai huce. Ya karɓi wayar ya juya bayanta, ya tsuke fuska. "Darasi na farko: goge idon kyamarar nan. Man hanta ya yi masa rawani. Duk hoton da kika ɗauka kamar an ɗauke shi a cikin hayaƙi."

Ya ɗauko lemon tsami ɗaya daga aljihun rigarta ya ajiye a gabanta. Ya ce ta je ta kawo masa hoton lemon nan kala talatin, kada biyu su yi kama.

"Ammu, ni mutum nake so in kama, ba lemo ba."

"Wadda ba ta iya kama lemon da yake zaune ba, ina za ta kama mai ƙafa biyu? Tafi."

Kwana huɗu tana fama da lemo. Ta ɗauke shi a kan faranti, ta ɗauke shi a bakin taga da sassafe, haske na shigowa ta gefe har ƙananan ramukan ɓawonsa suka fito ɗaya bayan ɗaya. Ta yanka shi ta ɗaga shi saitin rana, ya zama kamar fitila. Ta kwanta a ƙasa ta ɗauke shi ya yi girman kankana, ta hau kujera ta ɗauke shi ya koma kamar ƙwallon yara da aka yar. A na ashirin da uku dabara ta ƙare mata, sai ta matse shi a kan hanta mai zafi ta kama tururin. Da ta kai wa tsohon, ya yi ta turawa da yatsa yana gyaɗa kai.

"Kin ga abin? Lemo ɗaya ne, amma ke kika zaɓa masa ko ya zama sarki ko ya zama almajirin wani. Yanzu ji sauran. Kafin ki kalli mutum, kalli haske, ki ga ta ina yake zuwa. Da hantsi da bayan la'asar haske yana da kunya, yana shafa fuska. Da tsakar rana marin fuska yake yi. Kafin ki danna, bi kusurwa huɗun hoton da ido, ki ga me ya leƙo wanda ba ki gayyata ba. Kada ki riƙa jawo abu da yatsa, wayarki ba ta da ƙarfin haka, ki taka da ƙafarki ki matsa. Ki manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ki riƙe numfashi. In mutum kike so ki girmama, ki riƙe wayar daidai idonsa."

"In kuma wulaƙanta shi nake so?"

"Wannan kin riga kin ga yadda ake yi."

Tun da ciniki ya ja baya, lokaci ya samu. Tsakanin mai saye da mai saye, Tahani takan goge hannu ta ɗauki waya. Ta ɗauki hannun mai burodi da gari a jikinsa. Ta ɗauki inuwar jirgin ƙasa na cikin gari tana ratsa bango. Ta gano cewa bayan an yi ruwa, kududdufin gaban amalankenta yana ɗauke da hasumiyar masallaci a kife. Titin da ta yi shekara goma sha ɗaya a kansa sai ya zama kamar yau ta zo shi. Wani lokaci har takan ji daɗin abin, sai ta tuna dalilinta, ta haɗe rai. Da magariba kuma takan sa Rihab ta buɗe mata bidiyoyin Ustaz Midhat, ta zauna ta kalle su tun daga farko har ƙarshe, tana tauna kowace shawara.

"Mama, yaya kike iya kallon fuskarsa?"

"Karatu nake. Bar shi ya koya mini da bakinsa."

Bayan wata biyu ta fara bin Ustaz Midhat. Duk Juma'a takan bar amalanke a gida, ta yafa baƙin mayafi ta bi ayarin daga nesa. Ba wanda yake kula da mace mai kwandon cefane. Ta ɗauke shi yana sakace, ta ɗauke shi yana hamma, ta ɗauke shi daga ƙasan matakala, tumbinsa ya rufe rabin sama. Ta kai wa Ammu Girgis tana huci da murna.

Tsohon ya duba ya ture wayar. "Hasken ya yi kyau. Amma wannan mutum ne yana sakace. Ni ma ina yi, ke ma kina yi. Ki sa shi a intanet, a yi dariya kwana ɗaya, shi kuma ya ce mai hanta ta haukace."

"To me zan yi?"

"Ni ban ce ki yi komai ba. Na dai ce wannan ba zai yi masa ciwo ba."

Ta koma gida tana juya maganar. Da aka taɓa ta, ba hancinta ne ya yi mata ciwo ba, tsaftarta aka taɓa, abin da take taƙama da shi. Shi kuwa da me yake taƙama? Ba ya bidiyo bai ambaci gaskiya sau biyar ba. Kullum cewa yake shi bai taɓa shirya hoto ba, bai taɓa ce wa kowa tsaya nan ko juya can ba, abin da titi ya ba shi shi yake ɗauka.

Amsar ta zo ta bakin ƙawarta Nagat, wadda gidanta yake hawa na biyu, tagarsa na kallon filin da ake gyaran kwale-kwale. Ta zo sayen hanta take cewa, "Mutuminki mai malfa fa ba Juma'a kaɗai yake zuwa ba. Ranar Alhamis da hantsi nakan gan shi shi kaɗai, da baƙar leda, wajen Ammu Bayyumi."

Ammu Bayyumi tsoho ne mai ɗinkin taru. Yana da gida nasa na kansa, 'ya'yansa uku duk masu kwale-kwale ne, ɗinkin ma don kada ya zauna haka kawai yake yi. Mutum ne mai son farar jallabiya da takalmin fata mai sheƙi.

Alhamis ta gaba tun da asuba Tahani tana tagar Nagat. Ta tsaya ta karanci wurin yadda aka koya mata. Rana za ta fito ta bayan kafaɗarta ta dama, ta faɗa kan filin. Igiyar shanya ta ratsa kusurwar hoton ta sama, ta sa Nagat ta kwance ta. Tagar ta yi nisa kaɗan, sai ta sauko kan matakalar waje, ta sami wani lungu a bayan tankin ruwa inda gwiwar hannunta za ta zauna a kan ƙarfe. Ta jira. Bai zo ba. Alhamis ta biyu ya zo, amma hadari ya rufe gari, ya sha shayi da tsohon ya tafi. Ƙafafunta suka kumbura don tsayuwa, Nagat tana ta yi mata tsiya.

"Ummu Rihab, ko mijinki ba ki jira haka ba."

"Mijina bai ce mini juji ba."

Alhamis ta uku gari ya waye tangaran. Sai ga shi da leda. Suka gaisa da Ammu Bayyumi, ya miƙa masa kwalin taba, suka yi dariya. Tsohon ya tuɓe farar jallabiyarsa ya rataye a jikin kwale-kwale, ya cire takalman fata ya jera su gefe, ya saka wata yagaggiyar riga da Ustaz ya zaro daga ledar. Ya zauna a ƙasa da tarunsa. Sannan Ustaz Midhat ya durƙusa, ya zazzage sauran abin da yake ledar, gwangwanaye da ɓawon kankana da tsummoki, ya shiga baza su kewaye da ƙafafun tsohon yana gyara musu zama da yatsa.

Tahani ta ɗaga wayar. Ta manne hannu a ƙarfen, ta riƙe numfashi. Ba ta danna ba tukuna, don malfa ta rufe masa fuska. Ta jira. Da ya ɗago kai ya duba inda rana take, haske ya faɗa masa a fuska sosai, ɓawon kankana a hannunsa, kyamara na lilo a wuyansa, farar jallabiya da takalma suna sheƙi a gefe. Ta danna. Ta ƙara dannawa har sau takwas, amma ta san na farkon ne.

Rihab ta so a sa shi a intanet a ranar. Tahani ta ƙi. Ta ji a bidiyonsa cewa wata mai zuwa zai yi bajekolin hotunansa a wani zaure da ke bakin teku, ya sa masa suna Gaskiyar Titi. Ta kai wa Ammu Girgis hoton ta ce ya wanke mata shi, faɗinsa ya kai ƙofar shago.

Tsohon ya ƙura wa hoton ido. "Wannan hoto ne," ya ce daga baya. "Shekara hamsin ina aikin nan, ban ɗauki irinsa ya fi biyar ba. Ba abin da za a ƙara, ba abin da za a cire." Ya cire tabarau ya murza ido. "Amma Bayyumi yana ciki, 'yata. Shi bai yi miki komai ba."

"In an cire shi, hoton ya mutu."

"Haka ne."

"To wanke."

Ranar buɗe bajekolin, bayan la'asar, ta saka baƙar rigarta ta zuwa biki. Ita da Nagat suka ɗauko hoton a naɗe cikin zanen gado, Rihab na biye da su. Mai gadi ya ɗauka kayan zauren ne aka kawo, har ya riƙe musu ƙofa. Zauren cike yake da masu turare da 'yan jarida da ɗalibai. A bangon tsakiya ga Ammu Bayyumi cikin tsumma, ƙafa ba takalmi, shara kewaye da shi, an rubuta a ƙasa: Wanda Teku Ta Manta. A can gefe kuma ga nata hoton, an ƙara masa girma.

Ustaz Midhat yana tsaye gaban hoton tsohon yana jawabi. "Na same shi haka, da safe, shi kaɗai. Bai ma san ina wurin ba. Na tsaya hawaye na zubo mini, na ce ya Allah, ka ba ni ikon faɗar gaskiyar bawan nan naka."

Tahani ta ratsa mutane ta jingina kayanta a bangon, dab da nasa, ta fizge zanen gadon.

Mutane suka dubi na hagu, suka dubi na dama. Taru ɗaya, kwale-kwale ɗaya, wani gwangwani mai jan baki yana nan a duka biyun, sai dai a ɗaya yana kusa da ƙafar tsoho, a ɗayan kuma yana kusa da gwiwar Ustaz. Wani daga baya ya fashe da dariya, ya toshe baki.

"Jama'a, sunana Tahani, hanta nake soyawa a Bahari," ta ce, muryarta ta kasuwa ta cika zauren. "Ga ni can a bango, ku duba ku gane ni. Ni ma ɗalibar Ustaz ce, ban taɓa fashin darasinsa ba. Ya ce a tashi da wuri, na tashi. Ya ce a sa rana a bayan kafaɗa, na sa. Ya ce a yi haƙuri a jira, Alhamis uku na jira. Abu ɗaya ne bai koya mana ba, wato a zo da shara daga gida."

Dariya ta ɓarke. Wayoyi suka tashi sama kamar an ba da umarni.

"Ƙarya ne!" in ji Ustaz Midhat. Fuskarsa ta koma kalar ɗanyar hanta. "Haɗa shi aka yi! Wannan matar ko riƙe kyamara ba ta iya ba!"

"Akwai wasu guda takwas a wayar nan, a jere, har inda kake kwashe kayanka kana mayarwa a leda, don gobe ma rana ce. In nuna musu, Ustaz? Ai kai ka ce mini kyamara ba ta ƙarya."

Budurwar nan mai tabarau, wadda ta ɗauke ta a gaban masallaci, ita ta fara matsowa ta karɓi wayar. Ta tura hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗago ta dubi malaminta. "Ustaz, ka kore ni daga aji don na ce wa mai kifi ya ɗan juyo." Ustaz Midhat ya kawar da kai. Ya nemi hanyar fita, mutane sun cike ƙofa, ya tsaya a tsakiya yana cire malfa yana mayarwa. Tahani ta tsaya ta kalle shi son ranta. Ba ta ɗauke shi hoto ba, wannan da idonta take so ta gani.

Washegari masu zauren suka sauke hotunan duka. Kafin sati biyu ayarin Juma'a ya watse. Ustaz Midhat ya goge bidiyon Sarauniyar Juji, amma hoton ya riga ya bazu a hannun mutane, har yau in an nema ana samu. Ciniki ya dawo, har da ƙari, don wasu takanas suke zuwa su ga matar da ta kayar da Ustaz, su ci hanta, su roƙi ta ɗauke su.

Sai dai abin bai tsaya kan Ustaz kaɗai ba. Unguwa ta sa Ammu Bayyumi a gaba. Matasan masunta suka riƙa tambayarsa ko nawa ne kuɗin hayar ƙafafunsa, aka laƙaba masa Ɗan Wasa. 'Ya'yansa suka hana shi zama a filin. Tahani ta soya hanta mai kyau ta kai masa har gida. Ya fito cikin farar jallabiyarsa, ya tsaya a bakin ƙofa, bai karɓa ba.

"Ummu Rihab, ni na wanke mijinki da hannuna ranar da teku ta dawo da shi. Wasa na ɗauka, mutum ya ce in sa riga ya ɗauke ni. Da kin zo kin gaya mini, da ni da kaina zan je zauren in tona shi. Amma kika rataye ni a bango ba ko sallama."

Ta tsaya da hantar a hannu. Ya rufe ƙofa a hankali. Tun daga ranar, in zai wuce sai ya bi ta ƙetaren titi. Wannan ya tsaya mata a rai, kuma ba ta taɓa cewa bai tsaya ba.

Shi kuwa Ustaz Midhat sau ɗaya ya sake takowa Bahari, ba malfa ba gyale. Ya tsaya gefen amalanke har masu saye suka ragu, ya yi ƙasa da murya.

"Hajja, na yi kuskure. Ina da iyali. Ki taimaka mu yi bidiyo tare, mu ce darasi ne muka shirya don mu nuna wa mutane yadda hoto yake ruɗi. Ke ma sunanki zai ƙara fita."

Tahani ta ci gaba da juya hanta. "Wato in zo in taya ka baza wata sharar."

"Ba haka nake nufi ba."

"Ustaz, in hanta za ka ci, da barkono ko babu? In ba ci za ka yi ba, matsa, ka tare mini haske."

Ya tafi. Daga baya aka ji ya koma garin Dumyat, yana ɗaukar hoton gadaje da kujeru wa masu shagunan katako.

Wata ranar da yamma suna wanke amalanke, Rihab ta dubi uwarta ta ce, "Mama, tsakaninki da Allah, da za a mayar da ke baya, da abin Ammu Bayyumi da komai, za ki sake?"

Tahani ta matse soso.

"Da zan fara zuwa wurin tsohon in nemi izininsa," ta ce. "Sannan in sa Ammu Girgis ya wanke shi ya fi haka girma. Na bayan zauren ba su gani da kyau ba."